Tsumman Bindigar Baba

Kwanakin baya ina zaune a tsakar gida ina tsintar shinkafa, sai ga jikana ya shigo da bindigar 'yan sintiri a kafaɗa, ya jingine ta kusa da randa kamar wanda ya ajiye taɓarya. Ya ɗauko wata tsohuwar singileti, ya ɗiga mata baƙin man babur, ya shafe bayan bindigar sama-sama, ya hura bakinta sau biyu, ya ce ya gama. Na tambaye shi, cikinta fa? Ya yi dariya ya ce, "Haba Hajiya, ina ruwanki da cikin bindiga?" Na ƙyale shi, don na san in na fara ba zai zauna ya ji ƙarshe ba, yaran yanzu ko shayi a tsaye suke sha. Amma tun ranar hancina ke jin warin wani ruwa da rabona da shi tun ina da ƙuruciya, sai na ga gara in faɗi abin da na sani tun bakina yana iya faɗa.

A lokacin da nake magana a kai ba a daɗe da sauke tutar Bature ba, kuma a duk ƙasarmu ta Roni bindiga ɗaya tak mai harsashi na sani, tana ɗakin mahaifina. Maharba suna da nasu na toka, waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki, amma wannan ta hukuma ce. An damƙa masa ita ne saboda kura da gadu da birai masu saukowa daga duwatsu suna yi wa mutane ɓarna. In aka ji ƙararta daga gefen dutse, mata sukan tsayar da daka su ce, "Saje ya sauke wata," sannan su ci gaba da aikinsu. Yau in aka ji irin wannan ƙara, uwa 'ya'yanta take fara ƙirgawa. A wancan lokaci kuwa har barci mukan ƙara in mun ji ta, don mun san akuyar wani ta tsira.

Baba tsohon soja ne, dogo, siriri, ba ya son hayaniya, ba ya son a taɓa masa kaya. Ya je yaƙin Turawa can ƙetaren teku ya dawo da igiya uku ta Saje a hannun riga, da wani taurin kai da Inna, mahaifiyata, ke cewa da shi ya tafi, ba can ya samo ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini ko yana fushi. Daga Gwiwa akan aiko masa, daga rugagen da ke bayan Kazaure, wani lokaci har daga Babura in kura ta fitini makiyaya. Sai ya naɗe bindigar a buhu, ya ɗaure ta a jikin keke, ya yi kwana biyu ko uku, ya dawo da ƙwaryar kindirmo da curin man shanu da Fulani suka cusa masa. Ba shi da gona babba, ba shi da sarauta, ba shi da karatu mai zurfi. Abin da yake da shi a idon mutane abu biyu ne, ba ya kuskure in ya harba, kuma ba a taɓa kama shi da ƙarya ba.

Ni kuwa na dawo gida ne bayan mijina na fari ya rasu. Na gama takaba, ban haihu ba, shekaruna ba su fi ashirin ba, ina zaune a ɗakin Inna ba aikin fari ba na baƙi. Yayyena maza sun tafi neman kuɗi Kano, don haka wankin bindiga ya faɗo kaina. Da farko tafasa ruwa kawai nake yi. Daga baya na zama mai riƙewa, mai yanka tsumma, mai ja.

Yadda ake yi shi ne, da hantsi, in rana ta shigo zaure, Baba zai shimfiɗa buzu, ya zare sakatar bindigar ya ajiye a gefe, ya sa mazurari, in kwarara tafasasshen ruwa har bututun ya yi zafin da ba a iya taɓawa. Wannan na hayaƙi ne da gishirin harsashi. Sannan a sa igiya mai ɗan ƙarfe a kai, a maƙala mata farin tsumma da aka yanka daidai faɗin yatsu biyu, a ja daga gindi zuwa baki. Ja ɗaya ake yi, a miƙe, kada igiyar ta gogi leɓen bututun. Har yanzu ina jin ƙarar ɗan ƙarfen nan yana gangarawa ciki, da shan iskar da tsumman ke yi in ya fito. Duk wannan kowane soja ya iya, in ji Baba. Abin da ke raba mai bindiga da mai ɗaukar bindiga shi ne tagulla.

Ya bayyana mini cewa kowane harsashi yana sanye da 'yar rigar tagulla, kuma cikin bututun akwai tsagogi a murɗe masu juya shi ya tafi a miƙe. Duk wanda ya wuce sai ya bar ɗan ɓurɓushin rigarsa a cikin tsagogin. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har ta taru ta yi kauri, sai ka auna goshin kura harsashi ya tafi neman kunnenta. Ruwan zafi ba ya fitar da ita, mai ba ya fitar da ita, in ka leƙa ma ƙyalli za ka gani ka ɗauka tsabta ce. "Baƙin hayaƙi ba ya ɓoye kansa," in ji shi, "ita kuwa tagulla munafuka ce, tana ciki tana yi maka murmushi."

Maganinta wani ruwa ne a cikin kwalba mai ruwan ƙasa, wanda wani abokinsa na soja ke aiko masa daga Kano. In aka cire murfin, warin yakan doki hanci ya fito da hawaye, Inna takan kwashe ƙwaryar furarta ta koma bayan gida tana mita. Akan toshe gindin bututun da ɗan toto, a cika shi da ruwan, a jira, a zubar, a ja tsumma. In akwai tagulla, farin tsumman zai fito shuɗi. A sake, a sake, har ranar da zai fito fari kamar yadda ya shiga. Doka ɗaya ce Baba ya kafa mini, ya kuma maimaita ta har na gaji: kada ruwan ya zauna a ciki fiye da tafasar buta ɗaya. In ya wuce haka, ya gama cin tagulla sai ya koma cin ƙarfen. Shi ya sa da zarar ya cika bututun nake ɗora buta a murhu, tana fara kuka a zubar. Mutanen wancan lokaci ba su da agogo, amma ban ga sun makara kamar masu agogon yanzu ba.

Idon Baba ya fara tafiya ne a hankali, kuma duk gidan mun sani, babu dai mai faɗa. Ya ajiye keke ya ce taya ce ta lalace, alhali lafiyarta lau. Ya yi wa rigar da aka shanya a kan darni sallama, da bai ji amsa ba ya ce mutanen yanzu ba su da ladabi. In ka dube shi a rana za ka ga wata farar yana-yana ta fara rufe baƙin idon. Na taɓa yi wa Inna maganar, ta ce, "Ke dai ja bakinki. Namijin da ya ga yaƙi ba ke za ki gaya masa ba ya gani ba." A wajen wankin bindiga kuma sai ya sake salo. A da shi ke karɓar tsumma ya duba, yanzu sai ya ce, "Uwata, wane launi?" kamar yana gwada ni ko na koya. Nakan faɗa, ya kai tsumman dab da fuskarsa, ya gyaɗa kai. Fari da duhu yana rabewa in ya matso da abu kusa, iyakarsa ke nan.

Ana nan wata damina kura ta addabi wata ruga a gefen Gwiwa, ta ɗauke maruƙa biyu. Baba ya tafi a ƙafa. Da sassafe ta fito a fili, kusa ƙwarai, har yaran ruga suna nuna ta da sanda. Ya harba ya kuskure. Ya sake harbawa, harsashin ya fasa ƙahon wata saniya, ga mai tatsa a tsugune a gindinta. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba.

Ardon rugar da kansa ya zo gidanmu bayan kwana biyu, dattijo ne mai kunya, sun daɗe da Baba. Ina bayan ƙofar zaure ina jin su. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi lafiyar gida, ya tambayi damina, sannan ya ce, "Saje, wallahi ba ƙara na kawo ba. Amma yarinyar nan da ke tatsa jikata ce. Shekaru sun ja, ni ma yanzu sai an nuna mini saniyata nake gane ta."

Baba ya ce, "Ardo, idona lafiya lau. Tagulla ce ta taru a bindigar. Ba ni kwana kaɗan in wanke ta, ka sa ƙwai a kan turmi ka gani."

Maganar ta kai kunnen wakilin hakimi, ya aiko cewa mai duba bindigogin hukuma zai zo Kazaure nan da mako biyu. Baba ya kai ta can, a duba ta, ya kuma yi harbi a gaban mutane. In ya samu, ya dawo da abarsa. In ya kuskure, ya miƙa ta.

Washegari muka fara. Ranar farko tsumman ya fito shuɗi sosai, don da gaske akwai tagullar, ya daɗe bai bi ta ba. Da na faɗa masa launin, fuskarsa ta washe, har ya ɗaga murya yana kiran Inna ta zo ta gani. Rana ta biyu shuɗin ya ragu. Rana ta uku da hantsi na ja tsumma, na cire shi daga igiya, ya fito fari tas.

Na tsaya riƙe da shi. Baba yana zaune a kan buzu, hannuwansa a kan gwiwa, ya ɗan karkato kai yana jira. A nan na gane abin da farin nan ke nufi. Muddin tsumma yana fitowa shuɗi, laifin na tagulla ne. Ranar da ya fito fari, ba sauran abin da ya rage tsakanin Baba da idonsa. Na tuna yadda ya yi murna shekaranjiya. Na hango shi a tsaye a fili a Kazaure, mutane sun kewaye shi, yana auna abin da ba ya gani.

"Uwata, wane launi?"

Na ce, "Da saura, Baba."

Ya miƙo hannu. Na yi kamar tsumman ya suɓuce mini ya faɗi a cikin toka, na ce bari in sake ja. Na shiga ɗaki da sunan ɗauko wani, na buɗe kwallar Inna, na ɓallo ɗan guntun shunin da muke shafa wa kitso, na ƙulle a haɓar zane. Tun da na fita takaba ban ko taɓa shi ba. Daga ranar, duk tsumman da na ja, kafin in miƙa masa sai na goga shi a haɓar zanen nan. Yana da danshi, nan da nan yake kamawa. Baba ya kai shi kusa da ido, ya ga duhu, ya ce, "Ka ji munafukar."

Ba zan ce ban san abin da nake yi ba. Na sani. A raina ina cewa kwana biyu kawai zan saya masa, wataƙila mai dubawar ya fasa zuwa, wataƙila a manta, wataƙila idon ya washe da kansa. Tunanin yarinta ke nan, kana ganin in ka ture abu zuwa gobe ka kashe shi. Kuma gaskiya ina jin daɗin ganinsa a kwanakin nan. Yana cin tuwo da yawa, yana tsokanar Inna, yana fita masallaci da ƙarfinsa. Ya samo wani faifai ya riƙa jera tsummokaran a kai, duk wanda ya shigo zaure sai ya nuna masa. Ardo ya sake zuwa, ya duba, ya riƙe baki ya ce, "Ashe haka abin yake. Saje, ka yafe mini zato." Na ji shi da kunnena, amma ban fasa ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne Baba ya san aikinsa. Da aka yi kwana takwas tsumma bai sauya ba, sai murnar ta koma damuwa. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin tagulla mai naci irin wannan ba. Ya riƙa ƙara lokaci, buta ta yi kuka ya ce a bari ta ƙara. Ruwan kwalbar ya kusa ƙarewa, ranar tafiya ta matso. Saura kwana biyu, bayan la'asar, ya toshe bututun da kansa, ya juye ragowar ruwan duka, ya jingine bindigar a kusurwa.

Na ce, "Baba, in ɗora buta?"

Ya ce, "Bar buta. Yau a ciki zai kwana."

"Kai fa ka ce kada ya wuce tafasa ɗaya."

"Na faɗa. Amma shuɗin nan da kike gani kullum, ai shaida ce ruwan yana da abin ci. Ba zai taɓa ƙarfe ba sai ya gama da ita, ita kuwa ba ta da niyyar ƙarewa."

Maganar tana bakina. Kalma uku ce ko huɗu, da na faɗe ta da an zubar da ruwan a take. Na buɗe baki, sai na ga in na faɗa, ba idonsa kaɗai zan tona ba, har da kaina, har da faifan nan da ya nuna wa rabin gari. Tsoro ya kama ni, na ɗauki butata na fita. A duk abin da na yi a rayuwata, wannan fitar ce na fi jin kunyarta. Shafa shunin zan iya cewa tausayi ne. Shirun ranar nan kuwa ba Baba na tausaya wa ba, kaina na ceta.

Da safe ya cire toton, ruwan ya fito ja-ja kamar na tsohuwar garwa. Muka wanke da ruwan zafi, ya ce a ba shi igiyar, yau shi zai ja. Ya ja, tsumman ya cije a tsakiya, ya ƙwace, ya sake cijewa kusa da baki. Da can santsi yake bi. Ya sake ja a hankali, idonsa a rufe, yana saurare da hannunsa. Sannan ya kwantar da bindigar a kan cinyarsa. Ya ce, "Na cuce ta." Bai ko tambaye ni launi ba.

Ranar tafiya ya ce in shirya in raka shi, wai in yi wa Inna cefane a Kazaure. Muka shiga motar kasuwa, irin mai bodin katako, shi a gaba da bindigar a buhu, ni a baya cikin mata da kaji. Sai da muka sauka na ga ya ciro wani ƙulli daga aljihu yana gyara ɗaurinsa. Tsummokaran ne. Ya zo da su don ya nuna dalilin da ya sa ya bar ruwa ya kwana.

A wani fili a gindin dutse aka yi abin, an sa tebur a inuwar maɗaci. Akwai wakilin hakimi, akwai 'yan doka, ga Ardo, ga 'yan kallo da ba a rasa su ko'ina. Ni na tsaya daga baya kusa da masu tallan gyaɗa, inda nake jin komai. Mai dubawar saurayi ne cikin kaki, ɗan boko, amma mai ladabi, har ya miƙe ya gaishe da Baba. Ya zare sakatar, ya ɗaga bututun ya saita shi da rana, ya leƙa, ya daɗe yana leƙawa.

"Baba, cikin nan ya ciwu. Duk ya yi ramuka. Me aka zuba mata?"

Baba ya faɗa masa gaskiya, ya ce maganin tagulla ne ya kwana a ciki, kuma ya san doka, amma tagullar ce ta ƙi fita kwana goma. Ya kwance ƙullin ya baza a kan tebur. Saurayin ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya ɗauki wani. Ya ware guda uku gefe, waɗanda suka koɗe suka koma kore-kore. Ya ɗauki ɗaya daga cikin sauran ya murza a kan farar takardar da ke gabansa, ta yi shuɗi. Ya shinshina yatsansa.

"Waɗannan ukun tagulla ce, haka take komawa in ta bushe. Sauran kuwa, Baba, ka yi haƙuri, shuni ne. Irin na kitson mata."

Wani daga cikin 'yan kallo ya ƙyalƙyale da dariya, wani ya ce masa ya yi shiru. Ardo ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na dafa bishiya. Ina kallon bayan Baba, ina jiran ya juyo. Ya san hannu ɗaya ne ke miƙa masa tsumma, kuma ya san inda nake tsaye, don shi ya ce in tsaya a nan. Bai juyo ba. Ya gyara tsayuwa irin ta soja, ya haɗe ƙafafu.

"Haka ne, ranka ya daɗe. Ni na shafa. Idona ne ya tafi, na ji kunyar faɗa."

Wakilin hakimi ya ce, "Haba Saje, da girmanka?" Ba a yi maganar harbi ba kuma. Aka ɗauki bindigar aka sa a cikin akwati, aka ba Baba takarda ya dangwala yatsa, aka miƙo masa buhunsa ba komai a ciki. Ya ninke shi sau huɗu ya saƙale a hammata.

Bai yarda mu jira mota ba, ya ce mu fara takawa ta same mu a hanya. Muka fita gari, muka bi ta tsakanin duwatsu, gero ya yi tsawo dama da hagu. Yana gaba ina baya ina kuka ba sauti. Da muka yi nisa ya ci tuntuɓe da wani dutse da ko yaro zai gani, ya tsaya, ya miƙo hannu baya ba tare da ya waiwayo ba. Na matso, ya dafa kafaɗata. Bai taɓa yin haka ba.

"Yaushe ya fito fari?"

"Rana ta uku, Baba."

Muka yi 'yan taku. Ya ce, "Da kin faɗa mini, da na kai musu ita da hannuna tana ƙyalli, in ce ga amanarku, Allah ya karɓi idona. Da ba wanda zai yi dariya."

Na durƙusa a kan hanya na ce zan koma in gaya musu ni ce. Ya ɗago ni ya ce, "Ba za ki koma ba, kuma ba za ki faɗa wa kowa ba, har uwarki. Ni na gama nawa. Ke aure za ki sake, ba za a ce ga wadda ta yaudari ubanta ba." Ya ce in share fuskata, mota na tafe.

Na yi masa biyayya, kuma biyayyar ta fi duka ciwo. Labari ya riga mu isa gida. Masu tsokana suka laƙaba masa Saje marini, yara suka ɗauka ba su san tushensa ba. Mutumin da a da in ya ce abu kaza ya faru ba a neman wani shaida, sai ga shi in ya yi magana a majalisa ana kallon juna. Ardo bai daina zuwa ba, amma ya daina kawo masa shawara. Shekaru suka wuce, kuɗin man fetur suka shigo, aka shimfiɗa kwalta, aka sare dazuzzukan gefen duwatsu, kurayen suka ƙaura da kansu ba wanda ya harbe su. Na yi aure a Babura, na haifi 'ya'ya, ba wanda ya taɓa nuna ni da yatsa. Baba ya rasu da sunan nan a kansa. Waɗanda suka yi dariya a gindin maɗacin duk sun bi shi, ba sauran wanda zan je in gyara wa labari. Ina faɗa ne yanzu don ko bayan raina a san cewa mutumin nan ƙarya ɗaya ya taɓa yi a bainar jama'a, ita ma tawa ce ya ɗauka.

Bayan mun dawo daga Kazaure ya yi kwana uku bai yi mini magana ba, ni kuma ina kauce wa zaure. Na riga na sa a raina cewa ya gama yarda da ni, kuma ban ga laifinsa ba. Ranar Juma'a da hantsi ina wanke-wanke a bakin rijiya, sai na ji takunsa. Ya fito daga ɗaki yana lalube bango a fili, ba ɓoye-ɓoye, riƙe da farar rigarsa ta masallaci. Inna tana nan zaune kusa da shi tana kaɗi, amma ya wuce ta, ya nufo inda yake jin ƙarar kwanuka. Ya miƙo mini rigar.

"Uwata, duba mini. Ta fita?"

Na goge hannu na karɓa, na baza ta a rana. Akwai ɗan tabon goro a ƙirji, ƙarami, wanda ba lalle kowa ya lura ba. Na ce, "Akwai tabo a gaba, Baba."

Ya gyaɗa kai.

"To. Ɗauko mini wata."